Motar da Ba Ta da Mai Ita

Cikin ranakun aikina akwai wadda na sha roƙon Allah ya mantar da ni, har yau ta ƙi mantuwa, ita ce ranar da na zaro mabuɗin motar ƙungiya daga aljihu na miƙa shi da hannu biyu. Tun da kun zo neman shawarata a kan ko ku ci gaba da hayar mota ko ku sayi taku, bari in gaya muku yadda na taɓa amsa wannan tambayar, a lokacin da nake ganin daga Isa har Sabon Birni babu wanda ya kai ni iya lissafi.

A shekarun fari ne, shekara ta biyu da damina ta yi mana rowa. Ni ne mai sito na ƙungiyar manoma ta gama kai, reshen Sabon Birni. Ga wanda bai san tsarin ba, manoma ne suka haɗa kuɗinsu suka kafa ta. Babban ofis yana Isa, can Manaja yake zaune, a samansa kuma akwai kwamitin dattawa da ke zama sau ɗaya a wata. Ni aikina in karɓi kaya, in adana, in fitar da su da takarda. A shekarun lafiya taki da maganin ƙwari muke rabawa. A waccan shekarar kuwa iri ne, domin mutane sun cinye nasu tun da rani. Wanda bai ga yunwa ba zai ce ina hankali a cinye iri, amma mai 'ya'ya suna kuka a gabansa ba ya jiran damina.

Ba mu da mota. Idan rabo ya tashi, hayar a-kori-kurar wani mutumin Isa muke ɗauka, sunansa Arzika, tsohon direba mai ɗan tumbi, hularsa kullum a karkace, bakinsa ba ya rabo da zolaya. Ana biyansa kuɗin yini, mai namu, gyara nasa. Motar ta tsufa har ƙofar hagu da igiya ake ɗaure ta, amma ban taɓa jin ta kwana a hanya ba. Ni dai ba ta cika mini ido ba, kuma duk ranar da na ga an ƙirga masa kuɗi sai in ji kamar daga aljihuna aka zara.

Sai aka tura ni kwas na wata uku. A can aka koya mana yadda ake auna haya da saye, na dawo da abin yana cina. Na sami babbar takarda na raba ta biyu da rula. A hagu na rubuta haya, wato kuɗin yini sau kwanakin da muke aiki a shekara, da mai. A dama na rubuta saye: farashin mota, albashin direba, taya, baƙin mai, kuɗin bakanike, inshora, lasisi, da yadda darajarta za ta riƙa raguwa kowace shekara, sannan na cire abin da za a samu idan an sayar da ita bayan shekara biyar. Na yi kwana huɗu ina jujjuya shi, ta ko'ina na ɓullo saye ne ke cin nasara. A shekara ta uku motar ta gama biyan kanta, sauran biyun riba ce.

Na kai takardar zaman kwamiti a Isa, na manna ta a bango, na tsaya da ɗan sanda ina nunawa. Wani dattijo daga cikinsu ya ce wata huɗu kacal muke buƙatar mota a shekara, sauran takwas ɗin me za ta riƙa yi? Na ce sai mu ma mu ba da ita haya, ai ba Arzika kaɗai ya iya karɓar kuɗi ba. Aka yi dariya, ni kuma dariyar ta ƙara mini ƙarfi, har na ce shekara da shekaru muna yi wa wani kiwon mota da gumin talakawa. Manaja, Malam Hamidu, mutum ne mai sanyin magana. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Sa'idu, ka tabbata babu abin da kab bari baya?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, har kuɗin iskan taya na sa."

Kwamiti ya amince. Aka kwashe kusan duk ajiyar ƙungiya, kuɗin da manoma suka tara da kwabo da sisi, aka sayo a-kori-kura fara, ba sabuwa fil ba amma mai lafiya, aka kuma ɗauki direba. Da yake sito yana Sabon Birni, aka ce motar ta zauna a wurina. Ni na nemi in kai wa Arzika labari da kaina, kuma ba zan ɓoye muku ba, don in ga fuskarsa ne. Na same shi a tasha yana cin goro. Ya saurara har na gama, ya ce, "Allah shi sa alheri. Wa za shi riƙe mabuɗi?"

Na ce ni. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "To, Allah shi ba ka taurin ido." Na ɗauka haushi ne ke cinsa, na yi tafiyata.

Da hannuna na rubuta dokar motar na liƙa a ƙofar sito: ba ta fita sai da takarda, ba a ba da ita aro ga kowa. Kuma da farko na riƙe dokar. Maƙwabcina ya zo a ɗauko masa azara, na hana. Wani abokina ya zo za su gaisuwar mutuwa, na hana, ya yi wata guda ba ya amsa sallamata. Ina jin daɗin hanawar, har ina faɗa a majalisa cewa aiki ba ya son kunya. Na sa wa mabuɗin sarƙa na rataye a aljihun gaba inda kowa zai gani. Idan za mu fita nakan zauna gaba, gwiwar hannu a waje ta taga. Mutanen gari suka fara cewa motar Sa'idu, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Rabon iri ya yi kyau a farko. Mun kai na Burkusuma da ƙauyukan da ke kewaye, mun kai na cikin Gangara. Ya rage lodi ɗaya, na wata tunga da ke can bayan Gangara, gida ashirin da wani abu. Wakilinsu a ƙungiya wani manomi ne, Malam Nomau, dogo, siriri, yunwa ta ƙara masa tsawo. Ana saura mako guda a kai musu, ya zo sito a ƙafa da mutum huɗu, ya tsuguna ya ce, "Malam, gabas ta hwara baƙi. Ka ba mu rabonmu mu ɗauka bisa kai, ko rabi-rabi na, mu kai gida."

Ƙa'ida ita ce a raba iri a gaban masu shi, kowane magidanci ya dangwala yatsa a takarda. Da na so, da na ba su na bi su da takardar daga baya, Arzika ma ya sha kai kaya haka. Amma ina da mota, ina kuma so a san ina da ita. Na ce, "Malam Nomau, zamanin ɗaukar kaya bisa kai ya wuce. Ku koma ku gyara gonaki. Ranar Litinin za ni kawo muku har ƙohwar gida." Ya yi godiya, suka juya hannu wofi.

Ranar Litinin da sassafe, direba yana duba ruwa da mai, ni ina shirin buɗe sito, sai na hango surukina, Alhaji Labbo, mahaifin matata, yana tahowa da sandarsa. Ku da kuka san mutanenmu kun san nauyin wannan. Shekara shida ina auren 'yarsa, bai taɓa taka ƙofar gidana ba, balle wurin aikina. Idan mun haɗu a hanya ni ke kaucewa. Na cire takalmi na durƙusa a cikin ƙura, ina zaton rasuwa aka yi.

Alhaji ɗan kasuwa ne, yana fatauci tsakanin kasuwanninmu da na Nijar. A shekarar shanu sun mutu ba iyaka, fata ta yi arha, shi kuma ya zuba duk jarinsa a ƙiraga, wato busassun fatun shanu, ya tara su a wani ƙauye ƙetaren iyaka, bayan Burkusuma. Bai dube ni ba, gefe yake kallo, ya ce, "Malam, ba don dole ba da ba ka gan ni nan ba. Ƙiragan da nis saye suna can jibge waje, babu rumhwa. Masu raƙuman da munka yi magana da su sun hwasa. In ruwan ga ya taɓa su, na tashi babu ko sisi. Yini guda nika biɗa. Ta tai yanzu, la'asar tana gida."

Dokar tana liƙe a bayana, rubutun hannuna. Buhunan Nomau suna cikin sito, bango ɗaya tsakaninmu. Na buɗe baki in ce motar ba tawa ba ce, sai na ji maganar ta yi mini nauyi. Duk garin nan wa bai gan ni da gwiwar hannu a taga ba? Ga sarƙar mabuɗi tana lilo a ƙirjina, a gaban idonsa. Idan na ce ba ni da iko, ƙarya na yi wa dattijo, idan na ce ina da iko amma na hana, da wane ido zan shiga gida in dubi 'yarsa? Na ɗaga kai na dubi sama, na ga hadarin yana can nesa, na ce a raina kwana ɗaya ba ya kashe shuka. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "To, Baba." Na zare mabuɗin na miƙa masa da hannu biyu, shi ya ba direba, suka tafi tare.

Bayan azahar iska ta juya. Kafin la'asar gari ya yi baƙi ƙirin, aka tsuge da ruwan da shekara biyu ba a ga irinsa ba. Mata suna guɗa, maza suna tsaye cikin ruwa suna hamdala. Ni kaɗai ne a Sabon Birni nake tsaye a bakin sito ina roƙon Allah ya tsagaita, kuma ina jin kunyar roƙon tun yana bakina.

La'asar ta wuce, magariba ta yi, babu mota. Washegari gari ya watse, kowa yana gona, mai sungumi a gaba, masu zuba iri a baya. Sai da yamma direba ya iso a ƙafa, laka har gwiwa. A hanyar dawowa akwai wani busasshen rafi mai yashi da suka ratsa da safe ko ɗigon ruwa babu. Da suka dawo da lodi suka tarar ya kawo. Alhaji yana tsoron fatunsa, direba yana jin nauyin Alhaji, suka shiga. Motar ta kafe a tsakiya, injin ya sha ruwa.

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni, domin na farko kunyar suruki ce, na biyu kuwa tsoron tonon asirina ne. Abin da ya kamata shi ne in hau keke a daren ko da asuba in tafi Isa in gaya wa Manaja, shi yana da hanyar samo wata mota. Amma in na faɗa sai an tambaye ni me ya kai motar ƙetare. Sai na yi shiru. Na nemi bakanike a ɓoye na tura shi da direba, ina cewa gobe za ta tashi. Na zaga neman jakuna, na tarar waɗanda suka rage a garin ƙashi da fata ne, masu su kuma suna gona, babu mai barin shukarsa don tawa. Laraba ta wuce haka. Ƙasarmu kuwa jigawa ce, kun sani, danshin ruwan farko kwana biyu ne, in ya daɗe uku. Ina zaune a ƙofar sito ina kallon ƙasa tana komawa fara.

Ranar Alhamis bakanike ya aiko cewa sai an sauke injin. Na hau keke na nufi Isa, na bi ta bayan gari don kada in wuce ta gaban ofis, na tafi tasha neman Arzika. Aka ce tun da muka sallame shi ya koma jigilar hanyar kudu, sai gobe ake sa ran shi. Na kwana a gidan wani ɗan'uwa. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga a-kori-kurar nan da ƙofarta ta igiya. Ban taɓa murnar ganin wani abu kamar yadda na yi murnar ganinta ba. Na taka wurin Arzika.

Na gaya masa komai, ban rage ba. Na shirya jin baƙar magana, na san na ci bashinta. Ya tofar da goro, ya ce, "Kuɗin yini na nan yadda ka san su, mai naku. Gobe da asuba."

Ranar Asabar muka yi lodi. Irin gero ne da muka cuɗa da maganin iri, wani jan gari mai guba da ke hana ƙwari da tsuntsaye tone shuka. Ba a faɗa a fili, amma kowa ya san har da hana mutane cinyewa ake zuba shi. Kafin mu gama ɗora buhunan hannayenmu sun yi ja.

Muna cikin tafiya sai Arzika ya ce, "Malam Sa'idu, shekara nawa ina ɗaukar muku kaya, ka taɓa jin an zo ma aron mota?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ni an zo min, ba sau ɗaya ba. Ƙanen babana ya zo, limaminmu ya zo, wanda yab ba ni mata ma ya zo. Sai in ce musu, wallahi motag ga tana hannun ƙungiya, sun biya, ba ni da iko da ita. Su tahi ba ɓacin rai. Ku kuma in anka zo ma Manaja, shi ce ta Arzika ta, ba tamu ba. Ni ina laɓe bayanku, ku kuna laɓe bayana. Mota ba ta da mai ita, shi as sa taka aiki. Kai kuma kaz zo kab ba ta uba, uban kuma ga shi da suruki."

Ya yi dariya shi kaɗai. Ni ban iya ba. Na tuna takardata mai gida biyu, da kwana huɗun da na yi a kanta, na duba a raina ko akwai layin da wannan zai shiga, babu.

Muka isa tungar da hantsi. Gonakin a share suke tas, an gyara su kamar yadda na ce, babu ko tsiro ɗaya, alhali a hanya mun wuce gonakin Gangara gero ya fara huda ƙasa. Mutane suka fito jin ƙarar mota. Babu wanda ya ɗaga murya. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, aka kawo mini ruwa a ƙwarya, wata tsohuwa tana ba da haƙuri wai babu abin da za a sa a ciki. Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce wa Nomau, cikin neman inda zan raɓa laifi, me ya hana su biyo sawu da suka ga shiru? Ya ce, "Mun yi shawarar haka, Malam. Sai munka ce mai mota ya hi mu sauri, kada mu taso mu saɓa hanya da kai. Talata mun kwana da sungumi a hannu. Ko tsuntsu yat tashi sai mu ce ga ta nan." Bai tambaye ni abin da ya tsare ni ba, ni ma ban faɗa ba.

Aka yi rabo, tiya-tiya, kowa ya dangwala yatsa. Nomau ya karɓi nasa a ƙarshe. Ya tsuguna ya tona ƙasa da hannu har wuyan hannunsa ya nutse, ya ɗebo, ya murza, ta zube kamar gari. Wanda ya zuba iri a wannan ƙasar ya binne shi ne kawai, sai dai a jira wani ruwan, kuma babu wanda ya san ranarsa. Ya daɗe yana kallon jan geron da ke cikin ƙwaryarsa. Sannan ya matso kusa da ni, ya rage murya don kada mata su ji, ya ce, "Malam, kai ka yi karatu. In anka wanke shi sau ukku, ana iya dakawa?"

Na ce, "A'a, Malam Nomau. Don Allah kada ku yi. Guba ta."

Ya ce, "To. Tambaya dai niy yi."

Na koma Sabon Birni na rubuta rahoto cewa ruwa ya datse hanya, mota ta kafe a rafi, shi ya jawo jinkiri. Babu kalmar ƙarya a ciki, kuma duk cikinsa ƙarya ne. Malam Hamidu ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya sa hannu. Ina zaton ya sani, domin a ƙasarmu mota ba ta ƙetare iyaka a ɓoye. Direba ya kama bakinsa. Alhaji ya rasa rabin fatunsa, bai taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya. Gyaran injin ya cinye abin da na ce riba ce, amma ko takardar gargaɗi ba a ba ni ba.

Bayan kwana goma, har lokacin ba a sake ruwa ba, na koma tungar a keke saboda magidanta biyu da ba sa nan ranar rabo, ba su dangwala yatsa ba. Na jingine keken a bayan wani gida, sai idona ya faɗa kan inda mata ke zubar da ruwan wanke-wanke. Ƙasar wurin ta yi ja-ja. Na zaga bayan gida na biyu, haka. Na uku, haka. Na karɓi yatsun da na zo karɓa, muka gaisa da Nomau, na tambaye shi iyali, ya ce akwai yara biyu da ciki ke damu amma da sauƙi. Ban ƙara tambaya ba, na hau kekena.

Ruwa na biyu sai da ya kusa wata guda. Suka shuka abin da ya rage. Gero yana cikin yin ciki damina ta ɗauke. Waɗanda suka sami ruwan farko sun ɗan tsira da na 'yan watanni, mutanen tungar kuwa kara suka girbe. Kafin sanyi ya shigo fiye da rabinsu sun tashi cin rani da mata da yara, har da Nomau, kuma ban sake ganinsa ba.

To ga shawarata, tun da ita kuka zo nema. Ku yi lissafinku, lissafi ba laifi ba ne, wani lokaci saye ya fi, wani lokaci haya. Amma a aikinmu kaya ba a cikin takarda suke zaune ba, a hannun mutum suke, mutumin kuma yana da uba, yana da suruki, yana da malamin da ya koya masa karatu. Kafin ku sayi komai, ku tambayi wanda zai riƙe mabuɗi mutum nawa ne a garin nan ba zai iya ce musu a'a ba, kuma ku ba shi abin da zai laɓe a bayansa ranar da suka zo, don za su zo. In kuma abu ya ɓaci a hannunku, ku faɗa a ranar. Mutanen da muke yi wa aiki ba za su kai ƙararku ba, tabarma za su shimfiɗa muku, su ba ku ruwa, su ce haka Allah ya so. Saboda haka babu mai tsare musu haƙƙinsu sai ku.

Na yi shekaru masu yawa a bakin aiki bayan wannan, har na zama Manaja. 'Yan kaɗan da na ba labarin nan sukan tambaye ni ko an rasa rai a tungar saboda jan geron. Nakan ce ba a rasa ba, iyakar sanina. Hanyar tana nan, na san ta, kuma har na yi ritaya ban koma na tambaya ba.